Yadda zaka rubuta labarin mugun da ya ci sarauta

Tunda na gama sakin labarin Ajuji a guruf ɗinmu kusan kullum sai wani ya biyo ni ta bayan fage, yawanci ƙannenmu ne masu son fara rubuta littafin yaƙi, kuma tambayar guda ce, wai Yaya ya akai ka sa muka riƙa tausayin mutumin da muka san mugu ne. Na amsa da murya har na gaji shiyasa nace bari in zauna in rubuta abinda na sani gaba ɗaya, wanda zai amfana ya ɗauka. Ni a Daura na tashi don haka misalaina duk na gida ne, Daura da Katsina, kuma gaskiya ban taɓa jin ina buƙatar in tsallaka teku neman aljanu ko sarakuna ba, muna da su a nan sun ishe mu.

Bari in fara da kuskuren da ni kaina nayi don kar ku maimaita. Rubutuna na farko tun a feji na ɗaya Ajuji ya yanka mutum uku, na sa mai jajayen ido da dariyar mugunta, ina ganin hakan ne zai sa a ji tsoronshi. Kafin in kai kashi na shida guruf yayi tsit, ba kwament ba komai. Sai wata dattijuwa da muke ce ma Hajiya Babba, wadda ta daɗe tana karatun littattafan Hausa tun zamanin da ake haya a shago, ta kira ni a waya tace ɗan nan mutumin naka ai tun ranar farko ya gama lalacewa, to ni mi zan zauna jira. Wallahi maganar nan ita ta gyara min littafi. Labarin hawan mugu labarin tafiya ne, mai karatu yana so ya ga inda aka taso, ya ga ranar da ƙafa ta fara gocewa, ya riƙa cewa a ranshi dan Allah Ajuji kar ka yi, sannan Ajuji ya yi. In ka ba shi mugu gamamme tun farko ka hana shi wannan daɗin.

To ka fara da yaro ko saurayi wanda aka zalunta da gaske, zaluncin da in kai akai ma zaka ji zafi. Nawa sunanshi kaɗai ya ɗauki rabin aikin, don Ajuji suna ne da Hausawa ke ba yaron da 'yan'uwanshi ke ta mutuwa tun suna jarirai, sai a kai shi juji a ajiye kamar ba a so shi don mutuwa ta ƙyale shi, daga baya a ɗauko. Ka ga yaro ya tashi kowa na kiranshi da sunan bola. Na haɗa mai da bala'in fari, ƙanwarshi ta mutu a hanyar neman ruwa alhali gidan hakimi akwai rijiya an sa mata murfi da mai gadi. Daga nan duk abinda Ajuji yace game da ruwa mai karatu yana bayanshi.

Abu mafi muhimmanci, kuma shi nake so ku riƙe ko da kun manta sauran, mugu ba ya ɗora kanshi a gadon sarauta, mutane ne ke ɗaukarshi su ɗora da hannunsu suna guɗa. Aikinka na marubuci ka nuna dalilin da ya sa suka yi haka. Ni a bakin rijiyar Kusugu ta Daura na gane wannan. Duk ɗan Daura ya san labarin, macijin da ake kira Sarki ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa tace babu hali, ya karɓi guga ya tafi da dare ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera mai, da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi alƙawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, mutane suka yi ta ƙaryar su ne har aka gano mai kan macijin, shi kuma yace aurenta yake so. Wata rana na raka baƙi wurin, yanzu an gina rijiyar cikin ɗaki an kewaye, mai kula da wurin ya zura guga ya jawo ya miƙo mana muka sha, ina riƙe da kofi ina kallon bakin rijiyar nan sai tunani ya zo min, to da ace wanda ya kashe macijin shi ma ya zauna a bakin rijiyar fa, yace daga yau ba mai ɗiba sai da izinina? Garin da ya sha ƙishirwa shekara da shekaru ai da gudu zai yarda, har godiya za su yi. Littafina gaba ɗaya daga tambayar nan ya fito, sai dai na ƙirƙiri gari na daban da mutane na daban.

Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya ka tambayi kanka mi garin nan ke matuƙar buƙata wanda mugunka kaɗai zai iya kawowa. Ruwa ne, ko hatsin rumbu lokacin yunwa, ko tsaro daga mahara masu kame mutane, ko hanyar fatake. Katsina ta dā da ayarin Agadas da na arewacin hamada ta yi arziki, gishiri da kanwa da tufafi da fatu suna shiga suna fita ta ƙofofin ganuwa, wanda ya riƙe madugai da kuɗin shiga ya riƙe wuyan gari ko bai zare takobi ba. Zaɓi guda ɗaya ka riƙe shi gam, kar ka tara duka.

Sai maganar tsafi, inda mafi yawan littattafan yaƙinmu ke zubewa. Za ka ga jarumi ya yi tsafi ya ɓace, ya yi tsafi ya tashi sama, ya yi tsafi dakaru dubu sun ƙone, ba abinda ya rage mai ba abinda ya biya. In tsafi kyauta ne to ba labari, don mai karatu ya san duk ramin da aka shiga za a fito. Mutanenmu na dā ba su ɗauki asiri haka ba, kowane asiri yana da sharaɗi kuma yana da makari. Ɗan tauri akwai abinda aka hana shi, mai layar zana akwai ƙa'idar da in ya karya ta daina ci, haka baduhu da sagau da kau-da-bara, haka masu bori kowane iska da abinda yake so da dabbar da ake yanka mai. Dubi labarin da ake bayarwa na Korau da Sanau a Katsina. Sanau sarki ne na gidan Durɓawa, ba a kada shi a kokawa saboda asirin da ke jikinshi, Korau ɗan kokawa ne da ya fito daga 'Yandoto, ance ta hannun matar Sanau aka samu sirrin, aka raba shi da asirin, ranar kokawa Korau ya kada shi ya kashe shi ya hau mulki, har yau ana cewa Katsina ta Korau kuma takobin da ake kira Gajere na nan cikin kayan sarauta. A fahimce ni, ban ce Korau mugu bane, shi ne ake lissafawa sarkin Katsina musulmi na farko kuma zamaninshi ake dangantawa da hasumiyar Gobarau ta Katsina, abinda nake nuna muku gini ne na labarin, ƙarfi da ke da makari, makarin kuma yana hannun na cikin ɗaki.

Ga yadda nayi nawa. Abin da ke cikin rijiya ya yi wa Ajuji alƙawarin duk sanda ya kira ruwa zai zo, amma duk gugan da ya cika a birni to wata rijiya ce ta ƙafe a ƙauye, shi kuma Ajuji ƙishirwa ba za ta ƙara barinshi ba ko zai shanye tafki. Ka lura da abinda sharaɗin ya yi min, ƙauyuka na bushewa, mutanensu na kwararowa birni suna faɗuwa gaban Ajuji suna godiya don ya ba su ruwa, basu san ruwansu bane aka sace. Tsafin da kanshi ke ƙara mai jama'a. Irin wannan zaka nema, tsafin da ke tura siyasar labarin gaba, ya zama in ka cire shi labarin ya rushe. Kuma ka rubuta sharaɗin da makarin a takarda ka manna inda zaka riƙa gani, don masu karatu basa mantuwa, in ka ce a kashi na 4 ba ya iya kiran ruwa da rana sannan a kashi na 30 ya kira da hantsi, sai an turo maka sikirinshot.

Yanzu tsani. Kar ka ɗauke shi daga juji ka dire a fada cikin kashi biyu. Sarautar Hausa matakai ce kuma kowane mataki labari ne. Ajuji ya fara yaron gidan Sarkin Noma, ya zama mai tsaron rijiya, ya shiga dogarai har ya shugabance su, ya samu sarautar Kaura wato jagoran yaƙi, daga nan ido ya koma kan gado. A kowane mataki ina amsa wa kaina abu uku a littafin shirina, mi ya ba mutane, wa ya taka, wa ya yi mai tafi. Kuma ka tuna sarki ba a kan titi ake tsintarshi ba akwai masu zaɓe, a Katsina Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi ne, to a naka garin ma ka ƙirƙiri irinsu ka ba kowanne rauninshi, ɗaya bashi ya ci shi, ɗaya yana tsoron a tona mai asiri, ɗaya ɗiyarshi yake so ta zama uwar sarki, ɗaya kuma mutumin kirki ne wanda ya yarda da gaske cewa in ba Ajuji gari zai mutu da ƙishi. Na ƙarshen nan ya fi sauran amfani nesa ba kusa ba, don shi ne mai karatu zai ga kanshi a ciki.

Kar ka manta da mata da bayin fada. Jakadiya tana shiga inda Kaura bai isa ya shiga ba, zagi da shamaki suna jin maganar da aka yi a kan doki, kuyanga mai kai ruwan wanka ta san wace laya sarki ke cirewa. Daura kanta sarauniyoyi suka fara mulkinta kafin zuwan Bayajidda, saboda haka ba wanda zai ce maka mace mai iko baƙon abu ce a labarin Hausa, in ma kina so 'yar'uwa muguwar taki ta zama mace ce mai neman zama Magajiya bismillah, hanyar duk ɗaya ce.

Wani makami da na ga ba a cika amfani da shi ba shine maroƙi. Kirari yana nuna ma mai karatu matsayin mutum ba sai ka yi dogon bayani ba. Farkon littafi yara ke tsokanar shi, Ajuji ɗan juji wanda mutuwa ta raina. Da ya kawo ruwa sai makaɗa suka juya, guga mai shiga duhu ya fito da rai, damina uban talakawa. Can gaba da tsoro ya shiga gari maroƙin nan dai shi ne, kotson dai shi ne, amma kirarin ya koma rijiya ba ki da aboki, mai leƙenki da yawa shi ya jiyo. Zauna ka ƙirƙiri naka, ka faɗe shi da ƙarfi ka ji ko ya hau baki, in bai hau ba sake. Kar ka ɗauko kirarin wani sarki na gaske ka liƙa ma mugunka.

Sai ranar da ba komawa. Kowane labari irin wannan yana da ita kuma nan zaka rage gudu ka zauna sosai. Nawa abokinshi ne Nomau, tare suka yi kiwo tare suka binne ƙanwar Ajuji, shi ya bi ƙauyuka ya lissafa ya gane duk daren da Ajuji ya kira ruwa washegari wata rijiya ta mutu. Bai kai ƙara fada ba, gida ya same shi da dare. Na rubuta suna zaune a zaure kan buzu ɗaya, fitilar man gyaɗa na ci, Nomau ya tura mai ƙwaryar fura yace sha mana, Ajuji ya kafa kai ya shanye ya ajiye leɓenshi a bushe kamar bai sha komai ba, Nomau ya daɗe yana kallon leɓen nan sannan yace ashe da gaske ne. Iyakar abinda ya faɗa kenan. Ajuji ya raka shi har ƙofar gida yana ce mai sai da safe ɗan'uwa, kuma ya san ya riga ya sa dogarai biyu a lungu. Ban nuna kisan ba sam, washegari kawai na nuna Ajuji a gaban uwar Nomau ya durƙusa yana cewa Inna ki yi haƙuri ni ne ɗanki yanzu, tana shafa kanshi tana sa mai albarka. Daren da na saki kashin nan wayata bata huta ba, wata baiwar Allah ta turo murya tana kuka tana cewa ita fa har addu'a take ma Ajuji. Kisan mutum ɗaya da mai karatu ya sani ya fi gawa dubu a filin daga, shiyasa nake cewa ku rage yawan yaƙe-yaƙen nan na feji goma da ba a san wa ke mutuwa ba, yaƙi biyu ko uku masu dalili sun isa littafi.

Kuma ka bar mu cikin kanshi. Mugu baya ce ma kanshi ni mugu ne, cewa yake in na bari Nomau ya yi magana gari zai watse yara su mutu kamar ƙanwata. Hujjar ta zama mai ƙarfi har mai karatu ya ɗan yi shiru, amma kai marubuci ka riƙa nuna abinda hujjar ke ci, ka kai mu ƙauyen da ya bushe mu ga tsohuwa na kankare laka a gindin rijiya da sakaina.

Maganar harshe da zamani a taƙaice. In labarinka kafin zuwan musulunci ne to sunaye su dace, Tanko, Jatau, Shekarau, Kande, Barau, Anaruwa, kar a ga boka sunanshi Abdulmalik. Ba agogo ba minti biyar, akwai hantsi da tsakar rana da almuru da kukan zakara. Kuɗi wuri ne. Kayan yaƙi kuma muna da sunayensu, sulke, lifidi, kwalkwali, garkuwa, mashi, kwari da baka, barandami. A fada ba a ce ma sarki kai tsaye ina kwana, faɗuwa ake a ce ranka shi daɗe, zaki, Allah ja zamaninka, dogarai su amsa. In kana Katsina ka je ka tsaya gindin Gobarau ka kalli ginin ƙasa da idonka, ka zaga Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar Ƙaura, in da hali ka leƙa Durɓi ta Kusheyi wajen Mani ka ga tuddan kaburburan sarakunan farko, abinda zaka rubuta bayan ka dawo daban ne da wanda zaka kwaikwayo daga fim.

Abu biyu da zan ja kunne a kansu da gaske. Na ɗaya addini, masu karatunmu musulmi ne kuma da gaskiyarsu in suka ga kamar ana tallan shirka za su watse, saboda haka tsafin ya zama abin da ke cin mai shi, kar ka rubuta wata addu'ar tsafi dalla-dalla kamar kana koyarwa, kuma kar ka cusa ayoyi ko sunayen Allah a bakin boka. Na biyu gidajen sarauta, Daura da Katsina masarautu ne masu rai da zuri'a, har waɗanda suka koma Maraɗi bayan jihadi jikokinsu na nan, kar ka ɗauki sunan sarki na gaske ko gidanshi ka ɗora mai mugunta da ka ƙirƙira. Ƙirƙiri garinka ka ba shi ganuwa da ƙofofi da kasuwa, ka ari tsari ka bar sunaye.

Wajen saki kuma, kar ka fara turawa sai kana da aƙalla kashi goma a ajiye kuma ka san ƙarshen labarin, don ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu ko data ta ƙare ko uzuri ya taso masu karatu ba za su jira ba. Duk kashin da ka gama tayipin ka tura ma kanka ta imel, ni waya ta taɓa faɗa min a ruwa da kashi goma sha ɗaya a ciki, sai da na sake rubuta su daga ka kuma har yau ina jin na farkon sun fi. Ka sa sunanka a sama da tsakiyar kowane kashi saboda masu kwashewa su kai YouTube su maida odiyo ba izini. Ko a Wattpad kake saki ko WhatsApp ko Facebook, ka yanke kashi a inda aka yanke shawara amma ba a aikata ba tukuna, nan ne mutum ke kasa barci.

Ƙarshe kuma mutane za su matsa maka lamba wai dole a kashe shi a ga sakayya. Kana iya yin haka a littafi na biyu, makarin da ka dasa tun farko na nan yana jira, nawa yana hannun uwar Nomau ce bata ma sani ba. Amma littafin hawa ni a ranar naɗi na tsayar da shi. An buga tambari, kakaki na tashi, masu zaɓen sarki sun faɗi sun yi gaisuwa, filin ƙofar fada cike da mutanen ƙauyukan da suka bushe suna ta guɗa, jakadiya ta kawo ruwan rijiyar a sabuwar ƙwarya ta durƙusa ta miƙa, sarki Ajuji ya sha har ƙasa ya miƙa mata yace ƙaro.